Ganyen mepul ɗina ya ƙi yin ja bana, ruwa da iska ne suka jawo?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Manchesta. Shekara biyu da suka wuce na sayi 'yar bishiyar mepul ta Japan a tukunya na ajiye a bayan gida. Bara a ƙarshen Oktoba ganyenta ya yi ja zur har maƙwabciyata tana leƙowa tana tambaya. Bana kuwa tun farkon wata ruwa ake yi da iska ba ƙaƙƙautawa, ganyen bai yi ja ba sam, bakinsa ya ƙone ya koma ruwan ƙasa, wani dare aka yi iska na wayi gari rabinsa a ƙasa. Ta mutu ne ko ni ce na yi mata wani abu? Maigida ya ce in zuba mata taki."

Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, a abin da kika bayyana ban ga alamar mutuwa ba, kuma don Allah ki gaida maigida ki ce ya ajiye takin nan tukuna, zan zo kan dalili. In na fahimce ki abu uku ne kika haɗa waje ɗaya: me ya hana jan fitowa bana, me ya ƙona bakin ganyen ya kuma zubar da shi da wuri, sai kuma ko akwai abin da za ki iya yi. Na daɗe ina aikin lambu a nan arewa maso yammacin Ingila, a gidajen mutane da kuma wajen rainon itatuwa, kuma duk shekarar da Oktoba ya zo da marka irin wannan sai na sha wannan tambayar, daga Turawa ma ba mu kaɗai ba.

Ni kaina shekarata ta farko a ƙasar nan saura kaɗan in tuge wata mepul in jefa a bola saboda na ga ta tsaya tsirara a Nuwamba ba ganye ko ɗaya, wani dattijo da nake aiki a ƙarƙashinsa ya riƙe hannuna yana dariya. Don haka ba abin kunya ba ne, ba mu tashi da irin wannan ba. A gida kuka kan zubar da ganye da rani saboda ƙishirwa, gawo kuma shi nasa a juye yake, da damina yake tuɓewa ya yi ganye da rani. Nan kuwa ruwa ba shi ne matsalar ba, gajartar yini da sanyi su ne ke ba bishiya labarin cewa hunturu na tafe. A Kano yini bai cika wuce tsakanin awa 11 da rabi zuwa kusan 13 ba duk shekara, a Manchesta kuwa Yuni kusan awa 17 ne, ƙarshen Oktoba ya dawo wajen 10, Disamba bai kai 8 ba. Bishiyar tana jin wannan raguwar, sai ta fara shiri.

Shirin kuwa girbi ne, shi ya sa nake jin daɗin yadda muke kiran lokacin kaka. Duk wata shidan da yake yi a reshe ganye gona ne, akwai dukiya a cikinsa, musamman sinadarin naitirojin, kuma bishiya ba za ta yar da shi haka kawai ba, sai ta kwashe abin da za ta iya ta kai rumbu, wato rassa da gangar jiki da saiwa, sannan ta toshe ƙofa ta saki fanko. Kalar da muke ɗauka a waya muna tura wa 'yan gida, abin da ido ke gani ne a tsakiyar wannan kwasar.

Inda jan yake fitowa

A cikin ganye akwai masu launi kala uku da suka shafe mu. Na farko kulorofil, shi ne kore, shi ke haɗa wa bishiya abinci da hasken rana, kuma shi ake fara wargazawa da kaka. Na biyu karotin da danginsa, ruwan ɗorawa da ruwan goro, irin wanda ke cikin karas da manja. Wannan yana nan cikin ganyen tun Afrilu, koren ne ya rufe shi, da kore ya janye sai ya bayyana. Na ukun shi ne antosayanin, ja da ruwan hanta, kuma kin san shi sarai ko ba ki san sunan ba, shi ne jan zoɓo. Shi ne a sabon tohon mangwaro mai ja-ja, shi ne a kumatun mangwaron da ya kalli rana, karan dafin da dukawa ke rina fata da shi ma ɗan uwansa ne.

To ga inda maganar take. Ruwan ɗorawa ajiyayye ne, ko an yi rana ko ba a yi ba zai fito. Ja kuwa a ganyen da yake kore a lokacin zafi ba ajiyayye ba ne, sabo ake dafa shi a makonnin ƙarshen nan, kuma kayan haɗinsa sukari ne da hasken rana. Da yini rana ta haska ganye ya haɗa sukari, da dare sanyi ya sauko ya rage wa bishiya ƙona sukarin, ga kuma hanyoyin da ke fitar da shi daga ganye sun fara toshewa, sai ya taru, sai ganye ya juya shi zuwa ja. Abin da ake so yini mai haske da dare mai sanyi, ƙasa da digiri 7 amma bai kai ga daskarewa ba, a jera haka kamar sati biyu ko uku. Bayanin da masana suka fi karkata a kai shi ne jan nan laima ce, yana kare ganye daga zafin haske a lokacin da kore ya tafi, don bishiya ta samu ta ƙarasa kwasar kayanta.

Za ki iya gani da idonki a shekara mai kyau. Ganyen waje da ke fuskantar kudu shi ke yin ja zur, na ciki da ke inuwa sai ya tsaya a ruwan ɗorawa ko ruwan goro, wani lokaci ma in kika ɗaga ganye ɗaya da ya kwanta a kan wani sai ki ga hotonsa ya fito a ƙasa ruwan ɗorawa kamar an buga tambari. Bishiya ɗaya, saiwa ɗaya, taki ɗaya, haske ne kawai ya bambanta su.

Yanzu ki auna wannan da Oktoban da kika bayyana. Gari ya yi lumshi kwana da kwanaki, rana ba ta fito ba, sukari kaɗan ne. Sannan abin da mutane ba su cika lura ba, gajimare bargo ne. Ko a gida da hunturu daren da sama ta yi tas taurari suka fito shi ne mai jaura, daren hadari kuwa gumi ake yi. Hadarin da ke zuwa mana nan daga tekun Atlantika yake tasowa, daga kudu maso yamma, kuma da iska mai ɗumi yake tafe, sai ki ga dare a Oktoba bai sauka ƙasa da digiri 11 ko 12 ba. Ɗan sukarin da aka samu da yini sai bishiya ta ƙone shi da dare. Ba rana, ba sanyi, ja ba shi da abin da za a dafa shi da shi, sai ganye ya tashi daga kore ya bi ta wani ruwan ɗorawa mai dauɗa ya faɗa ruwan ƙasa, wanda shi kuma launin mataccen ganye ne kawai, irin na busasshen ganyen shayi.

Shi ya sa hotunan da kike gani na Kanada da jihar Bamont ta Amurka kada su sa ki raina lambunki. Can kaka takan zo da sama garau da dare mai sanyi, ga kuma dazuzzukan mepul mai sukari, wadda ganyenta ke jikin tutar Kanada tun 1965, da jar mepul, waɗanda jan a jininsu yake. A Japan, asalin bishiyar taki, fita kallon ganyen kaka al'ada ce mai suna momijigari, a Kyoto sai tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba abin ke kankama, lokacin da ruwa ya ja baya. Mu nan tsibiri ne a bakin teku, kuma yammacin ƙasar inda muke ya fi gabas ruwa, kalar kaka a wajenmu sa'a ce, wata shekara a dace wata shekara a tashi a tutar babu. Bara kin dace ne.

Aikin iska

Iska ɓarna biyu take yi kuma ba lokaci ɗaya ba, ya kamata a raba su.

Ta farko ita ce wadda kika wayi gari kika gani a ƙasa. A gindin ɗan tsinken da ke riƙe ganye da reshe, bishiya na gina wani siririn layi na rabuwa da kaka, ta ɓangaren reshe tana like wajen da wani abu kamar toshiyar kwalba don kada cuta ta shiga, ta ɓangaren ganye kuma haɗin yana sassautawa kullum. A mako biyun ƙarshe ganye da ƙyar yake rataye, kamar haƙorin yaro mai girgiɗi. In gari ya yi shiru zai iya kwana goma ko fiye a haka yana ƙara ja, in kuwa ruwa ya jiƙa shi ya yi nauyi sannan iska ta kaɗa, dare ɗaya ya isa. Kuma abin haushin lokacin da ganye ya fi kyau shi ne lokacin da ya fi rauni, kuma shi ne daidai lokacin da guguwar Atlantika ke fara sintiri. A 2023 guguwar Babet ta zo a tsakiyar Oktoba, Ciarán ta biyo ta a farkon Nuwamba, a 2024 Ashley ta zo ranar 20 ga Oktoba. Tsofaffin ma'aikatan lambu kuwa har gobe labarin guguwar daren 15 ga Oktoban 1987 suke bayarwa, wadda ta kayar da itatuwa kusan miliyan 15 a kudancin Ingila. Zubar ganye irin wannan ba ta kashe bishiya, da ma ta kusa sallamar sa, kwalliyar kawai aka yi asara da ɗan abin da ba ta gama kwashewa ba.

Ɓarna ta biyu ita ce ƙonewar bakin ganye, kuma ina zargin wannan ta girmi Oktoba, ba mamaki tun Yuli ko Agusta ta fara ba ki lura ba. Mepul ta Japan a asalinta 'yar ƙarƙashin manyan itatuwa ce a gefen daji, inda iska ba ta kai mata sosai, ganyenta siriri ne kamar takarda. In iska na busawa a kai tana kwashe danshi fiye da yadda saiwa ke iya turowa, sai bakin ganye da 'yan yatsunsa su bushe su nannaɗe, kamar yadda iskar hunturu ke fasa leɓe. Wajen da ya bushe ya mutu, ba zai yi wani ja ba ko kakar ta yi kyau. A 2022 da aka yi zafin da ya kai digiri 40.3 a watan Yuli, mepul da yawa a tukwane tun Agusta suka ƙone suka zubar, kaka ta zo ba ta tarar da abin rinawa ba. Masu zama bakin teku kamar su Blackpool nasu ya fi muni don iskar da gishiri take zuwa.

Kuma ga wani abin mamaki da tukunya: ana iya yin ruwa sati guda ƙasar cikinta ta zauna a bushe, saboda ganyen ya yi mata laima ruwan yana zuba a gefe. Na sha tura yatsa cikin tukunya bayan an kwana ana ruwa in ji ƙura. Don haka kada ki dogara da sama, ki riƙa tura yatsa.

Akwai gidan wata tsohuwa da nake kula da lambunsa, mepul biyu iri ɗaya aka saya rana ɗaya, ɗaya aka dasa a bayan shingen itace ɗaya kuma a bakin lungun da ke tsakanin gidanta da na maƙwabta. Ta bayan shinge duk shekara sai ta riƙe ganye kusan sati biyu bayan ta lungu ta tuɓe, ta lungun kuma bakin ganyenta kullum a ƙone. Lungun nan bututu ne, iska na matsewa a ciki ta fito da ƙarfi. Gidajen Manchesta masu jere da yawa haka bayansu yake, ki duba ko tukunyarki a irin wannan wajen take.

Wanda nake tsoro shi ne ruwan da ke ƙasa

Ruwan da ya sauka a ganye kwalliya yake ɓatawa, iyaka ya kawo ɗigo-ɗigon fumfuna. In kin ga manyan mepul na bakin titi da baƙaƙen tabo a ganye kamar an ɗiga kwalta, wannan fumfuna ce kuma ba ta yi musu komai. Ruwan da ya kwanta a saiwa shi ne mai kisa. Saiwa numfashi take yi, tana son danshi amma ba ta son zama cikin taɓo, mepul ba shinkafar fadama ba ce. In tukunya na zaune a kan faranti cike da ruwa, ko ramin ƙasanta ya toshe, ko ta manne da siminti ruwa ba ya fita, ƙananan saiwoyi sai su shaƙe su ruɓe, cutar ruɓewar saiwa ta samu ƙofa. Abin da ke rikita mutane shi ne alamar iri ɗaya ce da ta ƙishirwa, ganye ya yanƙwane bakinsa ya ƙone, don ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta shan ruwa, sai mai ita ya ƙara zuba ruwa ya ƙarasa ta. Ni ma na taɓa kashe wata da hannuna haka, faranti na manta a ƙarƙashinta hunturu guda, da Afrilu ta yi toho kamar lafiya lau, kafin ƙarshen Mayu ta bushe.

Ga yadda za ki gane inda kike, minti biyar ya isa. Ki kankare ɓawon ƙaramin reshe kaɗan da farce, in kika ga kore mai danshi a ƙasa tana da rai. Ki duba inda ganye ya faɗo, za ki ga 'yan idanu biyu-biyu suna kallon juna, ƙanana masu ja-ja, in suna da tauri a cike to ganyen baɗi ne ke barci a ciki. Sai ki karkata tukunyar ki duba ƙasanta ki sansana, in ruwa ya tsiyayo da yawa ko kika ji wari mai tsami kamar na kwata, to akwai aiki. In ta zaro cikin sauƙi ki kalli saiwar, lafiyayya fara ce ko ruwan madara kuma da ƙarfi, ruɓaɓɓiya baƙa ce tana saɓulewa a hannu.

Abubuwan da za su sa in ce ba yanayi ba ne: baƙi ya fito a gindin gangar jiki yana hawa sama, ko reshe guda ko gefe guda ya bushe farat ɗaya da zafi alhali sauran lafiya, musamman in an yanka reshen aka ga zane mai duhu a cikin itacen. Wannan na biyun alamar wata fumfunar ƙasa ce mai suna batisiliyam da ke toshe hanyoyin ruwa, mepul na cikin waɗanda ta fi kamawa, kuma ba ta da maganin fesawa, sai dai a yanke reshen a goge almakashi a lallaɓa bishiyar. Haka kuma in mepul ta yi ja tun Agusta kada ki yi murna, kuka take yi, ko ƙishirwa ko saiwa ta samu matsala. Ba ki ambaci ko ɗaya cikin waɗannan ba, shi ya sa na ce hankalina a kwance yake.

Batun takin maigida

Bishiyar da ke shirin barci ba a ɗura mata tuwo. Taki mai naitirojin a ƙarshen shekara, in ya yi aiki, sabon toho mai laushi zai turo wanda sanyin farko zai ƙone, in bai yi aiki ba kuma ya zauna cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa gishirinsa na cin saiwa ko ruwa ya wanke shi, an yi asarar kuɗi. Ƙari a kan haka mepul da aka cika wa taki takan daɗe tana kore ta makara wajen juyawa, har sanyi mai daskarewa ya riske ta, ganyen ya mutu a tsaye ya bushe ya maƙale a reshe har Janairu saboda layin rabuwar nan bai gama ginuwa ba. Ni a Afrilu nake ba su, ɗan kaɗan, irin mai narkewa a hankali, daga ƙarshen Yuni kuma na rufe buhu. Mepul da ta ɗan ji yunwa ta fi ƙosasshiya kala, wannan na gani ba sau ɗaya ba.

Abin da za ki yi a satin nan kaɗan ne. Ki cire faranti in akwai, ki ɗora tukunyar a kan bulo biyu ko uku yadda ruwa zai fita ta ƙasa, ki jawo ta jikin bangon gida ta ɓangaren da iska ba ta bugawa, don ko ba komai iska na kifar da tukunya ta karya rassa. Ki share ganyen da ya zuba a kan ƙasar tukunyar kada ya kwanta ya yi danƙo a gindinta. In an ce sanyi mai tsanani na tafe ki naɗe tukunyar da buhu ko ledar nan mai kumfa, tukunyar fa ba rassan ba, don saiwa ta fi rassa jin sanyi kuma a tukunya ba ta da kariyar da take samu a ƙasa. In iska ta karya reshe ki yanke shi tsaf, sauran aski kuma ki bari tsakanin Nuwamba da Janairu, in kika wuce haka ruwan jikinta ya fara hawa, wajen yankan zai yi ta tsiyaya. Wannan ruwan ne fa mutanen Kebek a Kanada ke tara daga mepul mai sukari suna dafawa, wajen lita 40 ke ba da lita 1 ta zumar mepul, amma bishiyarki ba irin wannan ba ce, kada maigida ya kawo bokiti.

Babban aikin na Fabrairu ko Maris ne kafin ta farka. Shekara biyu zuwa uku a tukunya ɗaya ya isa a sauya mata ƙasa, a tukunyar da ta ɗan fi ta yanzu kaɗan, kada ki sa ƙaramar bishiya a ƙatuwar tukunya don ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ruwa take riƙewa ta yi tsami. Ni ina haɗa ƙasar tukunyar nan ta shago da ake kira John Innes mai lamba 2 da ƙasar da ake sayarwa don shuke-shuke masu son tsami, in ƙara ɓawon itace da tsakuwa ƙanana don ruwa ya wuce. Ana yawan cewa ƙasa mai tsami ke kawo ja, ina jin don an ga yadda zoɓo ke ƙara ja in an matsa lemun tsami ya kuma yi duhu in kanwa ta taɓa shi. Gaskiya mepul ta Japan ta fi lafiya a ƙasa mai ɗan tsami, lafiyayyen ganye kuma ya fi kala, amma ba za ki zuba wani abu a tukunya ya maye gurbin rana ba. Ku ma kun yi sa'a, ruwan famfon Manchesta yawancinsa daga tafkunan Lake District yake zuwa kuma ba shi da farar ƙasa, mutanen Landan su ne ke fama sai sun tari ruwan sama.

Sai waje. Ana yawan ba da shawarar a sa ta a inuwa, wannan shawarar ta fi dacewa da wuraren da rana ke da zafi. A Manchesta in kika ɓoye ta a inuwa ɗungurungum ba za ki ga ja ba ko a shekara mai kyau. Ki nema mata inda za ta samu ranar safe zuwa azahar, a kuma tare mata iskar kudu maso yamma. Wajen tarewa kuma katanga ko shingen katako da ba ƙofa ko ɗaya ba shi ne ya fi ba, iska na hawa ta kansa ta faɗo ta baya tana juyi. Abin da ke tace iska ya fi, ki tuna zana a gida, iska na ratsa ta amma ta fito a gajiye. Shingen itace mai rai ko katako mai tazara ko ma wasu manyan shuke-shuke a tukwane a jera mata su a gefen iska, duk suna wannan aikin. In akwai fitilar tsaro da ke kwana a kunne a kanta ki matsar da ita, hasken dare na ruɗa lissafin gajartar yini.

Iri ma yana da nasa. Ki duba takardar da ta zo da ita in tana nan. In Acer palmatum, wato sunan mepul ta Japan a kimiyyance, kawai aka rubuta ba wani suna a gaba, wataƙila daga ƙwallo aka shuka ta, kamar mangwaron da ba ɗan aure ba, sai abin da ya fito. Masu suna aure ake yi musu, kuma a gindi za ki ga ɗan kumburin wajen haɗin. A cikinsu wadda na fi amincewa da ita wajen ja ita ce Osakazuki, kore ce da zafi, ganyenta da ɗan faɗi da ƙwari, kuma ko a shekarar da ba ta yi kyau ba takan yi ƙoƙari. Bloodgood ruwan hanta ce tun daga Afrilu, don haka ko kaka ta ƙi ba ki tashi hannu wofi ba. Sango-kaku ruwan ɗorawa take yi, wanda na ce miki ba ruwansa da rana, in ganye ya zube kuma rassanta ja ne duk hunturu. Masu ganye yaga-yaga kamar gashin tsuntsu, waɗanda za ki ga an rubuta Dissectum, su suka fi kyau a shago kuma su suka fi saurin ƙonewa a iska, ba na ba mai buɗaɗɗen lambu shawararsu.

Iyakata dai ban ga bishiyar ba, daga bayaninki nake magana, kuma ƙishirwa da ruɓewar saiwa ko ni da ke tsaye a gabanta sai na zaro ta na duba kafin in rantse. Duk abin da na lissafa kuma ganye zai kare ya daɗe a reshe cikin lafiya, rana da sanyin dare kam ba a hannunmu suke ba, za ki iya yin komai daidai baɗi Oktoba ya sake zuwa da marka. Ko a Westonbirt, gandun itatuwan da Robert Holford ya fara a 1829 a yankin Gloucestershire, inda ake ajiye da ɗaya daga cikin manyan tarin mepul na Japan a ƙasar nan kuma ƙwararru ke kula da su, makon da kala ke kai ƙarshe yana matsawa gaba ko baya kowace shekara. In kun samu hutun makaranta na ƙarshen Oktoba ku kai yara, ku duba hasashen yanayi ku zaɓi ranar da ta biyo bayan dare biyu ko uku masu sanyi da sama garau, kada ku jira ƙarshen mako in an ce iska na tafe. Bishiyarki kuma ki yi mata gwajin farcen nan yau, in kin ga kore ki ɗora ta a bulo ki ƙyale ta sai Maris.